Tambarin Malerkotla da Kaskon Turarena

Mata huɗu ne suka zo mini gida wata Asabar, duk matan ɗalibai, babu wadda ta kai shekara talatin. Zainab, wadda mijinta ke karatun digiri na uku, ita ce mai bakinsu. Ko zama ba ta gama yi ba ta miƙo mini waya, ta nuna mini wata mata a bidiyo tana aikin zaren zinare, kafin ka ƙifta ido fure ya tashi a kan ƙyalle.

"Anti Rabi, wannan ai simple ne," in ji ta. "Ki ba mu weekend biyu kawai, mu ma mu fara karɓar order. Boleh lah, Anti."

Da Malayanci ke nan, wato ai za a iya. Na ce, "Boleh. Amma mai bidiyon nan ta yanke muku sati uku daga tsakiya."

Suka kwashe da dariya, sun ɗauka wasa nake. Shekarata goma sha bakwai ina wannan aiki a Kuala Lumpur, kuma har gobe akwai ranar da nake warware abin da na wuni ina yi. Sai na ɗora musu shayi, na ba su labarin yadda na shigo sana'ar, da yadda na kusa binne ta da hannuna. Shi ne nake rubutawa a nan, don masu tambaya sun yi yawa, bakina kuma ya fara gajiya.

Aikin maigidana, Baban Sadiq, ne ya kawo mu garin nan, ya samu koyarwa a wata jami'a. Muka sauka a wani bene a unguwar Wangsa Maju, hawa na tara. Shi ya fita da safe, yara su tafi makaranta, ni kuma in zauna ina ƙirga jiragen ƙasa ta taga. A Kano ina surfani, ina ɗinkin hula tun ina 'yar shekara goma, to hannun da ya saba da allura zaman banza ciwon kai yake sa masa. Ƙofar da ke kallon tamu ta wata dattijuwa ce 'yar Indiya, Bibi Nasrin. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, Malayancinmu mu duka na kasuwa ne, amma a kan aron albasa da gishiri mun fahimci juna sarai. Wata rana ta tarar da ni ina yi wa Baban Sadiq hula. Ta karɓa ta juya cikinta waje, ta duba bayan ɗinkin, ko kallon gaban ba ta yi ba. Sannan ta kama hannuna ta ja ni gidanta.

Falonsu babu kujera ko ɗaya. An shimfiɗa farin ƙyalle daga bango zuwa bango, a tsakiya ga firam na katako mai tsawon gado a kan gajerun ƙafafu, an ɗaure karammiski a jikinsa tamau kamar fatar ganga. Mijinta na zaune a ƙasa gefen firam ɗin. Sunansa Latif, amma kowa Ustad yake ce masa, wato ubangidan sana'a. Ya karɓi hular, shi ma bayanta ya duba. Ya ce wa matarsa wani abu da yarensu, ta juya mini da Malayanci: "Ya ce hannun yana da tsabta, amma yana da gaggawa." Haushi ya kama ni, don a unguwarmu ni ake kawo wa gyara. Da na gaya wa Baban Sadiq sai ya je suka gaisa da tsohon, ya dawo ya ce in ina so in koya ya amince, tunda ƙofa da ƙofa ne kuma Bibi na nan kullum.

Ustad mutumin Malerkotla ne, wani gari a arewacin Indiya da ya daɗe da sarkinsa na kansa, wanda suke kira Nawab. Ko a zamanin Turawa sarautar tana nan da fadarta da ma'aikatanta. Bayan ƙasar ta samu 'yanci ne aka haɗe garin da sauran ƙasa, sarauta ta koma labari. Kakan Ustad yana cikin masu yi wa fadar aikin zare: tambarin da masu tsaron ƙofa ke sawa a ƙirji, bakin labule, rigar matashin zama. Da fada ta daina ba da aiki masu sana'ar ba su watse ba, sai suka koma yin bajon soja da na 'yan sanda da na makarantu, har garin ya yi suna da shi. Irin wannan hannun ne wani kedai, wato shago, mai ɗinka kayan sarki ya nema, ya ɗauko Ustad zuwa Malesiya yana saurayi. Yakan ba ni labarin garin yana aiki, ba ya ko ɗago kai: lungunsu da duk ƙofar da ka leƙa firam za ka gani, tsohuwar fada da rufinta ke zubewa kaɗan-kaɗan, maƙwabtansu mabiya addinin Sikh masu rawani da ke zuwa yi musu barka da Sallah. Ban taɓa taka garin ba, amma in aka sauke ni a tasharsa ina jin zan kai kaina ƙofar gidansu ba tare da tambaya ba.

Aikina na farko ba ɗinki ba ne, wata uku na yi ina yanka. Abin da 'yan bidiyo ke kira zare ba zare ba ne. Waya ce siririya kamar gashi, an nannaɗe ta ta zama ɗan bututu mai rami a tsakiya. Ana yanka ta gutsi-gutsi da almakashi, kowane gutsure kamar ƙwayar shinkafa ko bai kai ba, a zura shi a allura, a kwantar da shi a kan ƙyalle. In ya ɗara wurinsa tsawo sai ya yi doro, in ya gaza sai ƙyalle ya leƙo. In kuwa ka ja shi ya miƙe, to ya mutu, ba ya komawa. Akwai mai sheƙi, akwai mai dishi-dishi, akwai mai kaushi da ke kama haske ta kowane gefe. Zaren da ke riƙe su na auduga ne, sai an ja shi a kan kakin zuma sau biyu don kada wayar ta yanke shi. Ustad zai ɗebi abin da na yanka ya baza a tire, ya riƙa turewa da ɗan yatsa: wannan, da wannan, da wannan, duk ba su yi ba. Ba ya faɗa, ba ya yabo. In abu ya yi masa, "Hm" kawai za ka ji, ni kuwa sai da na shekara cur kafin in ji nawa na farko.

Dokokinsa ba su da yawa amma ba a taka su. A wanke hannu kafin a zauna. Ba man shafawa, ba turare a hannu. Wanda ya ci ƙwai ko ya yanka albasa ya sake wanke hannu da sabulu. Wadda ta fi ɗaure mini kai ita ce ta shara: ba a sa tsintsiya a falon nan. Duk Alhamis bayan la'asar za a naɗe farin ƙyallen ƙasa a hankali, a karkaɗe shi a kan tire, Ustad ya zauna da hantsaki yana tsince gutsattsarin da suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Yawancin wayar da muke aiki da ita ta zamani ce, jan ƙarfe da aka yi wa rufi, wannan a kwalba yake zuba ta. In kuwa aka ci karo da ta azurfa ta gaske, yana da wani tsohon gwangwanin biskit da yake jefa ta ciki. A raina na ce tsohon nan ya cika maƙo. Na taɓa faɗa wa Bibi haka cikin wasa, ta ce, "Kakansa haka ya yi, ubansa haka ya yi. Ni na gaji da magana, ke ma za ki gaji."

Bajo na farko da aka bar mini ni kaɗai na wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne, damisa tsaye a kan ƙafa biyu. Ana fitar da zanen a takarda, a huda layukan da allura, a ɗora a kan karammiski, a shafa garin alli da aka kwaɓa da kananzir, sai hoton ya sauka ɗigo-ɗigo. Wurin da ake so ya tashi, kamar ƙirjin damisar, sai a fara cusa masa igiyar auduga a ƙasa. Kwana tara na yi a kansa. Mai aikin, wani tsoho Basine mai sanda, ya zo ya ɗaga bajon kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ustad, kyanwar nan tana da kyau, amma yaushe za a yi mana damisar?" Bibi ta shige kicin da gudu don kada in ga dariyarta. Ustad ya nuna mini inda na ɓata: ido da haƙora, gutsure shida kacal. Na warware su na sake, kyanwa ta zama damisa.

Da hannuna ya faɗa, sai na jawo wa falon nasa mutanenmu. Masu gama karatu suna son sunansu a jikin ƙyallen da ake ratayawa ranar yaye ɗalibai, kuma ba sa zuwa sai abin ya rage kwana biyu, suna cewa, "Anti, jibi ne convo, ki taimaka." Mata na son bakin mayafi da hannun abaya, wasu jakar Alƙur'ani za su kai wa iyaye tsaraba. Duk kayan da zan miƙa wa Bahaushe kuwa sai na kai shi gidana na ɗora a kan kabbasa, kwandon nan na turara kaya, na sa garwashi a kasko, na zuba turaren wutan da gwaggona ke aiko mini daga Maiduguri. A gidanmu haka muka tashi: ba a miƙa wa mutum tufa mai daraja tana warin hannu. Har ana cewa kayan Anti Rabi ko ido a rufe za ka gane su. Wayar zamani ba ruwanta da hayaƙi, na yi shekaru ina turara ta ba ta taɓa canza fuska ba.

Shekarar da ta fi ba mu wuya abu uku ta zo da su, na ukun ni na jawo shi. Na farko, makarantu suka koma wa injin kwamfuta, wanda ke fitar da bajo ɗari kafin mu gama guda. Na biyu, idon Ustad ya tafi. An yi masa aiki sau biyu bai dawo ba, haske da duhu kawai yake bambancewa. Ya daina riƙe allura, sai dai ya zauna gefena yana bin aikina da yatsa. 'Ya'yansa biyu babu wanda ya gaji sana'ar, namijin yana sayar da magani a Johor, macen tana aure a wata ƙasa.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Malerkotla. Masu sana'ar lungunsu sun haɗu sun gyara wani ɗaki don ajiye tarihinsu, sun raba bangonsa biyu. Ɗaya na gidajen da sana'ar ta ƙare a cikinsu, a rataye tsohon aikinsu kawai don tunawa. Ɗayan na gidajen da hannu ke raye, kowane gida ya kawo tsohon aiki da sabo irinsa, a jera su kafaɗa da kafaɗa. Suka tambayi Ustad a wane bango za a sa gidansu.

Kwana biyu ya yi yana juya maganar. Rana ta uku ya sa Bibi ta ɗauko wani ƙunshi daga ƙasan akwati. Tambarin kakansa ne, na masu tsaron ƙofar fada, faɗinsa kamar tafin hannu biyu: jinjirin wata, tauraro a cikinsa, ganyaye sun kewaye su a kan koren karammiski da ya koɗe. Rabin wayar ta zube. Tare da shi akwai ƙullin wayar azurfa ta gaske, wadda ya zo da ita daga gida tun zuwansa na farko. Maƙerin da ya ja ta ya rasu da daɗewa, kuma ba a ƙara yin irinta.

"Beti," ya ce, haka yake kirana, wato 'yata. "Wannan ta isa tambari ɗaya, ba ta isa biyu ba. Za ki iya?"

Na ce, "In Allah ya yarda, Ustad."

"Ban tambaye ki abin da Allah zai yi ba, wannan na sani. Ke nake tambaya."

Na ce zan iya.

Wata huɗu na yi a kan tambarin nan. Azurfa ta gaske tana da taushi, tana bin allura kamar ta san hanya, amma in ka matsa mata sai ta lotse. Kowane ganye sai Ustad ya shafa shi da yatsa kafin in wuce na gaba. Ɗan ƙanin Bibi, Imran, zai tafi gida bayan Babbar Sallah, shi zai kai. Muka gama saura wata guda, na yanke aikin daga firam, ragowar wayar ko cikin cokali ba ta kai ba. Ustad ya ce in tafi da shi gidana in sa masa shafi a baya, in naɗe shi da kyau, don injin ɗinkina yana can.

Na sa shafi. Na tsaya ina kallonsa a kan gado, na ce abin da zai je garin sarauta, a rataye shi kusa da aikin kakan Ustad, ai ba zan miƙa shi haka gayansa ba. Dokar turare na san ta, amma a kaina ta hannu ce, kada maiƙo ya taɓa waya. Hayaƙi bai taɓa zo mini a rai ba, tunda na turara ɗaruruwan kaya lafiya lau. Na ɗauko mafi tsadar turaren da nake ɓoyo, mai farce da sandal, na ɗora tambarin a kan kabbasa, na lulluɓe da zane. Har sau uku na ƙara garwashi. Sannan na naɗe shi da ɗuminsa a cikin leda, na ɗaure bakinta tam don kada ƙamshin ya gudu. Ranar har yabon kaina na yi.

Bayan kwana goma sha ɗaya Imran ya zo gaishe su, Ustad ya ce in kawo tambarin Imran ya gani. Ban gama kwance ledar ba tsohon ya ɗaga hanci.

"Beti, me kika yi?"

Na buɗe. Jinjirin watan ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ganyayen sun koma ruwan toka da shuɗi-shuɗi, tauraron ko alamar sheƙi babu. Bibi ta dafe ƙirji ta yi salati. Ni kuwa na zauna daɓas a kan farin ƙyallen.

Ustad bai ɗaga murya ba. Ya yi mini bayani kamar yana koya mini darasin yau da kullum: azurfa tana shan abin da ke cikin hayaƙi, ga zafi, ga damshin garin nan, ga leda ta kulle su tare. Ba a goge ta a jikin ƙyalle, duk abin da zai wanke ta zai cinye karammiskin, kuma baƙin ya shiga har cikin ramin kowane gutsure. Sannan ya juya wajen Imran ya ce, "Ka kai tsohon shi kaɗai. Ka ce su sa mu a ɗaya bangon."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba, kuma ba kunyar ɓata aiki ba ce, ta mutumin da ya ba ni amanar sunan gidansu ce.

Washegari ina kicin zan dafa wake, na ɗauko kanwa, sai kakata ta faɗo mini a rai. Duk Sallah takan tara mundayenta na azurfa da suka yi baƙi, ta zuba a tukunyar dalma da ruwan kanwa, ta ɗora a wuta, su fito fes. Takan ce a tukunyar ƙasa ba ya yi, sai ta dalma. Ina da irin tukunyar, tun daga Kano na zo da ita don tuwo. Na ciro gutsure uku daga gefen tambarin, na haye gidan Bibi da tukunya da kanwa a hannu.

"Azurfar tawa za ki dafa kamar wake?" in ji Ustad.

Na ce, "Uku kawai, Ustad. In sun lalace ai dama sun lalace."

Ruwa ya tafasa, wani wari ya tashi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, Bibi ta toshe hanci tana buɗe taga. Na tsamo su da rariyar shayi, na ɗauraye, na shanya a farin ƙyalle. Bibi ta sunkuya ta duba, ta ɗago ta yi wa mijinta magana da sauri da yarensu. Ya miƙo hannu na sa masa a tafi. Ya murza su a hankali don ya ji ko sun lotse.

"Saura kwana nawa?" ya tambaya.

"Sha tara."

"To me kike jira?"

Aikin wata huɗu ne za a warware a sake cikin kwana goma sha tara, sai dai yanzu yanka ya riga ya yanku, kuma hannuna ya san hanyar. Na riƙa yanke zaren ta baya, ina ɗago kowane gutsure da hantsaki. Bibi na jera su a farantan ƙanƙara masu gida-gida, na ganyen farko a gidansa, na biyu a gidansa, don kada su cakuɗe. Kowane gida daban muke dafa shi. Muka ɗaura sabon karammiski, don tsohon ya sha hayaƙi. Daga an idar da sallar asuba nake zama, ba na tashi sai salla, in hasken rana ya tafi in tsaya, don Ustad bai yarda a yi azurfa da fitila ba. Baban Sadiq ya karɓi girki, wato kullum ya yi mana tapau, ya ƙullo abinci daga wajen mamak, Ba'indiyen nan mai gidan abinci na ƙasan bene, har yarana suka ce in Allah ya so kada Mama ta gama aikin nan.

Amma duk taka-tsantsan ɗina wasu sun miƙe wajen cirewa, wasu sun lotse. Na cike gurbinsu da ragowar da ke cikin cokali har ta ƙare. Saura kwana uku, wata ya tsaya, ganyaye sun kewaye shi, tsakiya kuwa fili. Babu ko gutsure ɗaya na tauraro.

Na ce, "Ustad, ko in sa ta zamani? Daga nesa ba mai ganewa."

"A lungunmu makaho ma zai gane," ya ce. "Nasrin, ɗauko gwangwanin."

Bibi ta ɗauko gwangwanin biskit ɗin nan da na yi shekaru ina yi wa dariya a zuci. Ta juye shi a tire. Gutsattsari ne baƙaƙe kamar garin gawayi, sun fi cikin tafin hannu. Ustad ya sa yatsa a ciki ya ce akwai waɗanda suka zubo daga tambarin kakansa, akwai waɗanda ubansa ya tsince daga ƙarƙashin firam ɗinsa, akwai nasa na shekara hamsin. Muka dafa su a tukunyar tuwona. Da suka fito sai ga wasu siraran da ban taɓa ganin irinsu ba, sun fi wayar da na yi aiki da ita laushi nesa ba kusa ba. Ustad ya ce na kakan ne. Kwana biyu na yi ina zaɓo masu tsawo ɗaya, na tayar da tauraron da su.

Ya bi shi da yatsa, ƙafa biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya koma ya sake bi. Sannan ya ce, "Hm." Wannan karon a farar takarda muka naɗe shi, kaskona kuwa yana can saman kabad.

Bayan wata biyu Imran ya aiko da hoto a wayar Bibi. Ta kira ni, na tarar da Ustad zaune ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ga bango, ga tambura biyu kafaɗa da kafaɗa, tsoho da sabo, a ƙasansu ɗan kati da rubutu iri biyu, nasu da na boko.

"Karanta mini, Beti. Idon Nasrin ba ya ganin ƙanana."

Na buɗa hoton da yatsa. Sunan kakansa ne a sama, na karanta. Sai na ubansa. Sai nasa. Akwai layi na huɗu, na kai idona kansa na tsaya.

"Ci gaba mana," in ji shi. "Ko karatun ma gaggawa ce ta hana ki koya?"

Na karanta: Rabi'atu, 'yar Kano. Bibi ta riga ni faɗin ƙarshensa, ashe ta san da maganar tun ranar da Imran zai tafi. Na yi kuka a gabansu, ban ɓoye ba. Ustad ya laluba gefensa ya turo mini gwangwanin ya ce daga yau a gidana zai zauna.

Yanzu firam ɗin yana falona, kujeruna sun koma ɗaki. Aiki bai kai na da ba, amma masu son na hannu ba su ƙare ba, kuma na gode wa Allah. Turare ina nan ina yi, ban fasa ba, sai dai azurfa ba ta ƙara kusantar kabbasa.

Cikin mata huɗun nan uku ba su sake dawowa ba, na ji an ce sun koma yin kek. Zainab ce ta dawo. Watanta biyu ke nan tana yanka, kullum tana tambayata yaushe za ta riƙe allura. Alhamis ɗin da ta wuce Bibi ta riƙo hannun Ustad suka tsallako, don har yanzu yana son ya ji ana karkaɗe ƙyalle. Na miƙa masa tiren da Zainab ta yanka, ya baza su, ya riƙa turewa da yatsa. Ya daɗe, sannan ya yi maganarsa da Malayanci.

"Anti, me ya ce?" in ji Zainab.

Na ce, "Ya ce hannun yana da tsabta, amma yana da gaggawa."

Ta ɓata fuska, ta ce a gidansu ita ake yabo da natsuwa. Na miƙa mata hantsaki, na nuna mata gutsure biyu da suka faɗi kusa da ƙafarta. Ta durƙusa ta tsince su.